Dodon Hoto: Wane Fim Ne Ya Riƙe Mana Amana?

Bayan ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024, gidaje da dama a Maiduguri sun shanya abin da ya tsira na tsofaffin hotuna. Duk wanda ya jera su zai lura da abu guda: hoton baƙi da fari na kakanni ya fi na bukukuwan shekarun 1980 fitowa tar. Ba gwanintar mai hoto kaɗai ba ce, har da girman fim ɗin.

Masu situdiyo na da, irin su Malick Sidibé na Bamako, sun yi aiki da fim mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar a 1901. A kyamara irin Rolleiflex hoto 12 kacal yake ɗauka, kowanne santimita 6 a kowane gefe. Shi ya sa mai hoto ba ya garaje. Sai ya gyara maka zaman hula, ya daidaita babbar riga, sannan ya danna. Dubi aikin hular Zanna a irin wannan hoto, kamar ka ƙirga zaren.

Fim na milimita 35 kuwa, girman hotonsa bai kai sulusin wancan ba. Amma a yi masa adalci: yana ba da hoto 36, ga kyamarar ba nauyi. Shi ya fito da hoto daga situdiyo, ya kai shi wurin suna, wushe-wushe da hawan Sallah. Aibinsa, in an ƙara girman hoton sai ya dushe, katin mai kala kuma ya koɗe ya koma ja-ja. Kada ma a yi zancen ɗan ƙaramin 110 na 1972, wanda ke mai da fuskar amarya kamar an dama kunu.

A ganina 120 ya fi riƙe kamanni, 35 ya fi riƙe rayuwar unguwa. Dukansu muna bukata.

To amma fa jama'ar Hausari, a daina ɗaukar katin da waya sannan a watsar da dodon hoton. Dodon shi ne uwa. Daga gare shi ake sake wankewa. A sa shi a ambulan, nesa da zafi da laima, a rubuta sunayen mutanen ciki tun tsofaffin da suka san su suna raye.