Wa Ya Isa A Rubuta Sunansa?

Littattafan da ke ba da bayanin ƙasashe sukan keɓe wa addini layi uku ko huɗu kawai. A cikin wannan ɗan fili ne marubuci yake yanke wanda zai shiga da wanda zai tsaya waje. Abin da aka rubuta a kan Jamhuriyar Benin ya isa misali.

Littafin World Factbook na gwamnatin Amurka ya ɗauko ƙidayar 2013: Musulmi 27.7 cikin ɗari, Katolika 25.5, masu bin Bodun 11.6, Ikkilisiyar Selestiyal 6.7, Metodis 3.4. Ƙananan jama'u kuwa ya zuba su cikin kwando ɗaya, ya kira su waɗansu. Rahoton 'yancin addini na ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya bi wata hanya dabam. Ya jera Baptis, da Shaidun Jehobah, da Baha'i, har da mabiyan Ekanka, ya ce kowannensu bai kai biyar cikin ɗari ba. Na farko ya yi rowa. Na biyu ya lissafa sunaye, amma bai faɗi inda suke ko abin da suke yi ba.

Laifin awo da yawan kai kaɗai yana fitowa sarai a Djougou. Garin tsohon zango ne na fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Marubucin da ya riƙe lissafi zai gama bayaninsa bai ambaci Kirista ba. Amma a 1995 aka kafa dayosis na Katolika a can, Paul Vieira ya zama bishof na fari, ya riƙe aikin har rasuwarsa a 2019. Baƙon da ya karanta irin wannan bayani, ya iso gari ya ga majami'a da makarantun mishan, ai zai ce littafin ya ruɗe shi. Haka kuma a kusa da Parakou, inda tashar Trans World Radio ta fara aiki a 2008, tana kai shirye-shirye da Hausa har cikin Nijeriya. Ma'aikatanta ba su cika ko layi ɗaya na ƙidaya ba.

Saboda haka tambayoyin da suka kamata su ne: jama'ar ta daɗe a wurin? Tana da wani abu tsayayye wanda maƙwabta suka sani? Akwai shaida daga bakin wanda ba nata ba? Wannan ta ƙarshe ita ce mai wuya, gama kowace ƙungiya takan ƙara wa lissafinta gishiri, ikkilisiyoyi ma ba su kuɓuta ba.

Mudun nan kuwa ba na Kirista kaɗai ba ne. Wanda ya ji zafi don an bar ikkilisiyarsa a bayanin Djougou, ba shi da bakin gunaguni in an rubuta masallacin zango a garin kudu inda Kirista suka fi yawa, ko Baha'i a bayanin ƙasa. Ikkilisiyar Selestiyal, wadda Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, da mutane kaɗan ta fara, ga shi a ƙidayar 2013 ta kusan ninka Metodis.