Kujera Ɗaya a Montgomery: Tarken Wasan "Rosa" na Doctor Who

Manazarta adabi sun daɗe da lura cewa idan ƙagaggen labarin kimiyya ya tashi yin magana a kan wariyar launin fata, yakan saka wa maganar riga. Maimakon baƙi da fari, sai a kawo halittun wata duniya, kamar yadda aka yi a wani kashi na Star Trek a 1969, inda aka nuna mutum biyu, kowanne rabin fuskarsa baƙi rabi fari, suna gaba a kan ɓangaren da baƙin ya faɗo. Wasan da muka ɗauka a wannan maƙala ya tuɓe wannan riga. Shi ne "Rosa", kashi na uku a zangon Doctor Who na 2018, wanda gidan talabijin na BBC ya nuna ran 21 ga Oktoba. Malorie Blackman da Chris Chibnall suka rubuta shi.

Zubin labarin ba shi da sarƙaƙiya. Dakta, wadda ke yawo tsakanin zamunna, ta sauka da abokan tafiyarta uku a garin Montgomery na jihar Alabama ta Amurka a 1955, ana gobe Rosa Parks za ta ƙi tashi daga kujerarta a cikin bas. Abokan su ne Ryan, saurayi baƙar fata. Yasmin, 'yar sanda mai tushen Pakistan. Da Graham, Bature, tsohon direban bas. Sai suka tarar da Krasko, wani tsohon ɗan kurkuku daga zamani mai zuwa. An dasa masa wata na'ura a ƙwaƙwalwa wadda ta hana shi kisa, don haka ya koma ga 'yan dabaru: ya sauya direba, ya lalata mota, ya kori fasinjoji da sanarwar ƙarya. Burinsa kada bas ɗin ya cika a yammacin 1 ga Disamba, domin in bai cika ba babu wanda zai ce wa Rosa ta tashi.

A ganinmu ƙarfin wasan yana cikin mintocinsa na ƙarshe. Dokar garin ta keɓe kujerun gaba ga farare, baƙaƙe kuma suna iya zama a tsakiya, amma da zarar farar fata ɗaya ya rasa wuri sai sahun ya tashi gaba ɗaya. Bayan taurarin sun gama warware makircin Krasko, sun yi shirin sauka, sai Dakta ta ƙirga kujeru ta gane cewa in suka fita wuri zai samu. Dole su zauna. Wato jikinsu ne zai cika motar, su ne dalilin da direba James Blake zai tsaya a kan Rosa. Graham, wanda bai daɗe da rasa matarsa baƙar fata ba, ya nuna ba ya son hannunsa a ciki, amma ya tsaya. Tun 1963 aka gina wannan shiri a kan tauraron da ke shiga tsakani ya ceci wanda aka zalunta. A nan an ɗaure masa hannu, an sa shi kallo har 'yan sanda suka fita da matar. Mai kallo da ya saba jiran ceto sai ya tsinci kansa a sahun fasinjojin da suka yi shiru, kuma wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce.

Sai dai akwai tambayar da ta kamata a yi: nawa ne nauyin wannan tsaka-mai-wuya? Dakta ta san ƙarshen zance. Ta san za a ƙaurace wa bas-bas na kwana 381, ta san kotu za ta rushe dokar a 1956. Shirun wanda ya riga ya karanta littafin tarihi ba ɗaya yake da shirun wanda bai san gobe ba. Wadda ta yi kasada ita ce Rosa, domin wata uku kacal kafin nan aka kashe yaro Emmett Till a Mississippi, abin da wasan kansa ya ambata. An ci ta tarar dala 14 har da kuɗin kotu, ta rasa aikinta na ɗinki, daga baya a 1957 ta yi ƙaura zuwa Detroit. Wasan ya taɓa wannan wahala da 'yan kalmomi, sannan ya yi sauri zuwa lambar girma ta 1999 da wani dutsen sararin samaniya da aka raɗa wa sunanta.

Inda muke da ja sosai shi ne, marubutan sun yaƙi Krasko amma sun yarda da ra'ayinsa. Shi ya ɗauka in aka ture kujera ɗaya tarihi zai rushe, Dakta ma a kan haka ta yi aiki. Tarihi bai nuna haka ba. A watan Maris na wannan shekara an kama Claudette Colvin, 'yar shekara 15, a kan laifi iri ɗaya, kuma shari'ar da ta karya dokar, wato Browder da Gayle, da sunanta da na wasu mata aka shigar, ba da sunan Rosa ba. Jo Ann Robinson da ƙungiyarta ta mata sun daɗe da shirin ƙauracewa, shi ya sa cikin dare ɗaya suka buga dubban takardun kira. Ita kanta Rosa sakatariyar reshen NAACP ce tun 1943. Gaskiya wasan ya nuna taro a gidanta, inda Ryan ya gaisa da Martin Luther King da lauya Fred Gray, amma an yi wannan fitowa ne domin mamakin Ryan, ba domin a ga aikin da ake ƙullawa ba. Da bas ɗin bai cika ran Alhamis ba, da ya cika wata rana.

Shi kuwa Krasko hoto ne kawai, ba mu san abin da ya haife ƙiyayyarsa ba, kuma Ryan ya kawar da shi da harbi ɗaya na makamin da ke jefa mutum can baya cikin zamani, ba tare da labarin ya tsaya ya auna wannan hukunci ba. Abin tsoro na gaske yana wajen mutanen gari: mutumin da ya mari Ryan don ya miƙa wa matarsa safar hannun da ta yar, da ma'aikaciyar gidan abinci da ta kore su, ta kira Yasmin 'yar Meziko. Haka nan hirar da Ryan da Yasmin suka yi a ɓoye bayan kwandon shara, suna kwatanta abin da suke gani a Ingila ta yau, ta fi dukan fitowar Krasko tasiri. An ɗauki fitowar titunan Montgomery ne a Afirka ta Kudu, ƙasar da sai a 1994 baƙaƙenta suka yi zaɓe tare da kowa.