Tarken Laccar Snow: Adabi Da Kimiyya Ba Kishiyoyi Ba Ne

Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila tana da daɗaɗɗiyar al'ada ta gayyato mashahurin masani, na kimiyya ko na adabi, ya gabatar da Laccar Rede. A 1959, C. P. Snow, masanin kimiyya kuma marubucin ƙagaggun labarai, ya gabatar da tasa mai suna "The Two Cultures", wato al'adu biyu. Ya ce marubuta da masana kimiyya sun rabu gida biyu, ba mai jin yaren wani. A wurinsa, marubucin da bai san doka ta biyu ta ilimin zafi ba, daidai yake da masanin kimiyyar da bai taɓa karanta Shakespeare ba.

A ganinmu ya gano ciwon, sai dai ya tauye mudu, domin kusan duk laifin a kan marubuta ya ɗora shi. Shi kuwa manazarci F. R. Leavis, a martaninsa na 1962, ya bar jaki ya daki taiki: ya fi sukar Snow da littattafansa fiye da hujjarsa.

'Yan'uwa marubuta, in za mu sa likita a labari, mu nemi sanin aikinsa tukuna. In kuwa tarke za mu yi, mu auna hujja, mu ƙyale mai ita.