Baƙin cikin uwa a cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu

Manazarta da dama sun ɗauki wannan ƙagaggen labari, wanda ya fito a Kano a 1990, a matsayin labarin sakayya. Sunan littafin ma abin da ya nuna ke nan: Alhaji Abdu ya wulakanta matarsa Rabi, ya kore ta da ƴaƴa tara saboda Delu, daga baya gobara ta cinye masa shago, amarya kuma ta juya masa baya. A ganinmu wannan karatu ya tsaya ga mijin fiye da kima. Jigon da ya fi nauyi yana wajen Rabi, da yadda marubuciyar ta zaɓi ta nuna baƙin cikinta.

Abin lura na farko shi ne, ciwon Rabi lissafi ne. Kuɗin cefane ba su isa ba, ga yara ƴan makaranta, ga budurwa, Saudatu, da za a yi wa kayan ɗaki. Da aka sake ta, sai ta kama sayar da abinci. Mai karatu yana gane zurfin damuwarta ta hanyar abin da za a ɗora bisa murhu gobe, domin kunya da kawaici ba su bar uwa Bahausa ta zauna tana bayyana zuciyarta ba. Waɗanda suka raina irin waɗannan littattafai a muhawarar shekarun 1990, suka kira su adabin kasuwar Kano, sun ga ƙarancin salo a nan. Mu kuwa muna ganin salon ke nan, kuma ya dace da tauraruwar.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga mai karatu na Adar. A Afala da sauran garuruwan arewacin Tawa, inda maza suka daɗe suna tafiya cin rani Abijan da sauran biranen gaɓar teku, an san macen da take riƙe gida da igiyar aure a kanta, ba tare da hannun miji ba. Mahamadou Halilou Sabbo, ɗan Tawa, ya bi sawun mai tafiyar a cikin Aboki ou l'appel de la côte (1978). Balaraba ta zauna cikin gida tare da wadda aka bari, ko da yake nata mijin bai bar gari ba.

Inda littafin ya fi wuyar sha'ani shi ne ƙarshensa. Auren Saudatu da attajiri Alhaji Abubakar ya zo da sauƙin da muke ganin ya yi yawa, kamar a tatsuniya. Amma da Alhaji Abdu ya tsiyace, sai mazan dangi suka matsa wa Rabi ta koma, alhali ranta bai so ba. Wasu sun kira wannan ja da baya daga marubuciyar. Ba mu yarda ba. Alhakin ya bi ubangidansa, gaskiya ne, sai dai wadda za ta ciyar da shi bayan ya faɗi ita ce wadda ya zalunta, kuma littafin bai nuna komawar a matsayin abin murna ba. Ɗaliban da ke aiki da fassarar Turanci ta Aliyu Kamal (2012) ya kamata su koma ga matanin Hausa a wannan gaɓa, su duba wane ne ke magana a zaman sulhun, da kuma yawan abin da aka bar Rabi ta faɗa.