Ma'aunin Fargabar Yaƙi: Ya Hango Yukren, Ya Manta da Illela

Mai karatu, ka taɓa tunanin yadda ake auna tsamin dangantaka tsakanin manyan ƙasashe? Ba abu ba ne da za a zuba a mudu, amma masana biyu na Babban Bankin Amurka, Dario Caldara da Matteo Iacoviello, sun gwada. A binciken da suka wallafa a 2022, sun sa kwamfuta ta riƙa ƙirga labaran da ke ambaton yaƙi, barazana ko ta'addanci a jaridu 10, wata bayan wata tun daga 1985. Idan kason irin waɗannan labarai ya ƙaru, ma'aunin nasu mai suna GPR sai ya hau. Sun kuma nuna cewa hawansa kan zo gabanin raguwar zuba jari da ɗaukar ma'aikata.

Gaskiya dabarar ta yi. Ma'aunin ya cilla sama lokacin harin 11 ga Satumba 2001, ya sake hawa da Rasha ta afka wa Yukren a 2022. Wannan na biyun kam har manomin Fakku ya ji shi a jikinsa, domin Rasha na sahun gaba wajen fitar da takin zamani, kuma farashinsa ya tashi a duniya.

To ina matsalar? Duba jaridun: 6 na Amurka, 3 na Birtaniya, 1 ta Kanada. Ke nan abin da ake aunawa shi ne abin da ya dami editocin can. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, an rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris 2024. Dillalin dabbobi ko mai safarar albasa a jihar Sakkwato ya sha wuya wata da watanni, alhali a jaridun Landan da Washinton labarin ya daɗe da yin sanyi.

Akwai wata kuma: ƙirga labarai auna surutu ne, ba auna asara ba. Rikici kan ci gaba da cin jarin mutane bayan 'yan jarida sun juya baya.

Don haka in ka ga GPR ya sauka, kar ka yi saurin cewa hanya ta yi lafiya. Ka dube shi don hasashen farashin taki da mai. Amma kafin ka loda kaya daga Tambuwal zuwa iyaka, tambayi direbobin tasha, ka saurari rediyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.