Amaryar da Ke Ƙarƙashin Teburina

A gidanmu akwai wata 'yar na'ura da uwargida ta raɗa wa suna Amarya. Hujjarta ita ce tun ranar da na shigo da ita, in na dawo daga shago ita nake fara leƙawa kafin in tambayi abinci. Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa. Sunanta na yanka HP ProLiant MicroServer Gen8, kuma ina gaya muku tun daga nan, wanda ke neman sharhin da za a auna yabo da suka a sikeli ɗaya, ya nemi wani marubucin. Ni masoyi ne, kuma a matsayin masoyi zan yi magana.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki. Duk wanda ya san wannan harka ya san yadda bidiyo ke cin wuri kamar gara. Kamu kaɗai sai ya cinye maka gigabayit masu yawa, balle a haɗa da ɗaurin aure da dina da buɗar kai. Shekara da shekaru ina tara aikin mutane a 'yan faifan ajiyar nan na tafi-da-gidanka, kowanne na manna masa salatif na rubuta sunan biki, na jibge su a durowa. Ran nan na jona ɗaya daga ciki, sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Bikin wata baiwar Allah ne a ciki, ban kai ga tacewa ba, kuma na riga na goge katin kyamara. Zuwan da na yi gidan iyayenta in ba da haƙuri, da irin kallon da mahaifiyarta ta yi mini ba tare da ta ce uffan ba, ba na fatan maƙiyina ya gamu da shi. Daga ranar na ƙudura sai na mallaki saba, wato kwamfutar da aikinta kawai ta riƙe kaya ta kuma miƙa wa sauran kwamfutoci in sun nema.

Da farko irin dogayen nan na manyan kamfanoni aka nuna mini, masu faɗi kamar ƙyauren taga, waɗanda ake jerawa a kanta. Mai shagon ya kunna ɗaya don in gani. Kai! Ka ce injin markaɗe aka tayar. Na ce masa, "Alhaji, wannan ai sai dai in kama mata ɗaki daban, in kuma haɗa ta da janareta." Ya yi dariya, ya shiga ciki, ya fito rungume da wani ɗan akwati baƙi mai ƙofar azurfa, tsawonsa da faɗinsa ba su wuce santimita 23 da 'yan kai ba. Ya ce, "To ga daidai kai, maigida. Gwanjo ce, amma gajere ba yaro ba ne."

Wallahi bai yi ƙarya ba.

Kamfanin HP ya fitar da wannan na'ura a 2013, ta gaji 'yan uwanta N36L da N40L da N54L, waɗanda su ma sun yi farin jini a zamaninsu. Don ƙananan ofisoshi aka yi ta, amma sai masu ƙwaƙule-ƙwaƙulen kwamfuta a gida suka yi mata rubdugu, musamman a Ingila inda aka riƙa sayar da ita da garaɓasar mayar wa mai saye wani kaso na kuɗinsa. Yau ta haura shekara goma, amma har yanzu in ta faɗo kasuwar gwanjo ba ta kwana.

Buɗe ƙofar gabanta kawai za ka yi ka gane waɗanda suka ƙera ta sun san darajar mai gyara. Gurabe huɗu ne a jere na manyan faifai, kowanne da hannunsa na zarowa. A jikinta, nan bayan ƙofar, an maƙale ɗan makullin kwance notunanta, don kada ka tashi aiki ka shiga yawon aron sukudireba a maƙwabta. Ni da na saba da wayoyi da kwamfutocin yanzu da ake liƙewa da gam kamar ana gaba da mai su, da na ga wannan ɗan ƙarfe sai da na zauna na yi shiru. Wani injiniya da ban sani ba, a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, ya yi tunanin ranar da zan buƙace shi. Murfin kuma da yatsu ake kwance shi, noti biyu ne a baya. Ka cire 'yan wayoyi, sai madabod ɗin gaba ɗaya ya zaro ta baya a kan farantinsa kamar durowa, ka ɗora shi a tebur ka yi aikinka a sarari. Fanka ɗaya ce babba a baya, tana juyawa a hankali. A ƙasan ƙofa akwai wani siririn haske shuɗi da ke nuna lafiya lau. In wani abu ya samu matsala sai ya canza launi. Da daddare in an ɗauke wuta, inbata ta karɓa, wannan shuɗin layin kaɗai ke haska ɗakin, ni kuwa ina kallonsa ina jin daɗi kamar wanda aka yi wa albishir.

Tawa da furosesa Celeron G1610T ta zo, mai ƙwaƙwalwa biyu, da RAM ɗan kaɗan. Don ajiya zalla ya wadatar. Amma daɗin abin, furosesar ba a narke take a jikin madabod ba, a kan soket take, irin wanda ake kira LGA1155, ana ɗaga ɗan marfi a cire ta a sa wata. Nan ne masoya ke baje kolinsu. Wadda kowa ke farauta ita ce Xeon E3-1265L v2, mai ƙwaƙwalwa huɗu da ke aiki kamar takwas. Sai dai da 'yar magana: ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa a wannan na'ura ba shi da fankar kansa, an yi shi ne daidai mai cin wat 35, ita kuwa wannan Xeon ɗin wat 45 ce. Waɗanda ke ƙasashen sanyi ba su cika damuwa ba. Ni da ke zaune inda a watan Afrilu ko bango ka taɓa sai ka janye hannu, sai na ɗaura wa ƙarfen wata 'yar fanka ƙarama. Ranar da na yi dashen, hannuna har rawa yake. Na goge tsohon man da ya bushe, na ɗiga sabo kamar ƙwayar gero biyu, na mayar da komai, na yi bisimilla na danna. Ta ɗauki lokacinta, don ita ba ta gaggawar tashi, sai ta gama ƙirga kayan cikinta tsaf. Can sai ga sunan Xeon a allo. Ihun da na yi sai da yara suka rugo suna tambaya ko ƙwallo aka ci.

A wajen RAM kuwa na sha ƙasa, kuma laifina ne. Gurabe biyu gare ta, iyakar abin da take ɗauka gigabayit 16, wato takwas-takwas, DDR3 mai ECC. Na je kasuwa da gadarar na sani, na ga an rubuta ECC a jiki, ga araha, na biya na taho. Na sa, na kunna, ta ƙi tashi. Na cire na hure, na mayar, shiru. Ashe RAM ɗin saba iri biyu ne: akwai na manyan saba da ake kira RDIMM, akwai UDIMM, ita kuma na biyun kaɗai take ci. Da na koma, yaron shagon ya ce, "Ai Oga da ka faɗi injin da za ka sa wa, da ban ba ka wannan ba." Na cika kuɗi na karɓo daidai. In za ka saya, duba takardar da ke manne a jiki: na wajenmu harafin E ne ke bin lambar, na manya kuma R. Harafi ɗaya ya ja mini zirga-zirgar yini guda.

Me ya sa ake nacewa a kan ECC ɗin? Saboda shi RAM yakan yi tuntuɓe jefi-jefi, sifili ya koma ɗaya ba tare da kowa ya sani ba. A kwamfutar gida kuskuren haka yake wucewa, wataƙila har a rubuta shi a faifai. Mai ECC kuwa yana gano irin wannan ya gyara nan take. Samun haka a na'urar da ba ta fi ƙaramar kula girma ba, a kuɗin gwanjo, ai sai godiya.

Sai dabarar da duk mai Gen8 ya sani, wadda in kun haɗu da wani masoyin ita ce gaisuwarku. A saman na'urar akwai siririn gurbi na faifan DVD, da kafar SATA ta biyar. Wa ke amfani da DVD yanzu? Sai mu sa SSD a wurin, manhajar da ke tafiyar da na'urar ta zauna a can, gurabe huɗun nan su zama na kaya zalla. To amma in ka saita ta yadda kowane faifai zai tsaya da ƙafarsa, ba ta yarda ta tashi daga kafa ta biyar kai tsaye. Maganin yana cikin cikinta: a kan madabod akwai gurbin ɗan katin microSD da kafar USB. Sai ka sa 'yar manhajar tayarwa a katin, ita kuma ta nuna wa na'ura hanyar SSD. Dare biyu na yi kafin in gane kan abin, kuma har ga Allah ina cikin daren nan biyu ina jin daɗi.

A kan faifan huɗu na ɗora ZFS, tsarin ajiyar da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 2005, ta hanyar manhajar FreeNAS wadda aka mayar wa suna TrueNAS a 2020. Shi ZFS bai yarda da kowa ba, har faifan da yake zaune a kai. Duk abin da ya rubuta sai ya yi masa hatimi, in ya zo karantawa ya gwada, in bai yi daidai ba ya ɗauko gyara daga sauran faifan. Na sa faifai huɗu masu terabayit 4 kowanne, na zaɓi tsarin RAID-Z2. Abokina ya ce na yi asara, terabayit 16 na saya amma kusan 8 kawai nake mora. Na ce masa a wannan tsari ko faifai biyu suka mutu rana ɗaya, ko hoto ɗaya ba zai salwanta ba, kuma shi bai taɓa tsayawa gaban uwar amarya ba. Duk da haka ban miƙe ƙafa ba. Gobara ko ɓarawo ko tsawa ba ruwansu da RAID, saboda haka duk ƙarshen wata ina kwafe aikin da ya fi muhimmanci a wani faifai in kai gidan yayata. Wajen sayen faifai ma a lura, a nemi CMR, a guji SMR, don masu SMR kan yi nawa sosai lokacin da ZFS ke sake gina faifan da aka canza. Surutun da aka yi a kan haka a 2020 ne ya sa Western Digital ta ware masu CMR ɗinta da sunan Red Plus.

Amma abin da ya sace zuciyata gaba ɗaya shi ne iLO 4. Wata 'yar kwamfuta ce daban a cikin na'urar, da kafar intanet ɗinta ita kaɗai, ban da guda biyu na aiki. Muddin waya na jone da wuta, ko sabar a kashe take, ita idonta biyu. Daga kan gado, da wayar hannu, ina ganin zafin kowane lungu na cikinta, da saurin fanka, ina kashe ta ina kunna ta. Wasu ƙarin abubuwan sai da lasisi, amma abin da aka bayar kyauta ma ya ishe ni. Wannan fa kayan manyan saba ne na cibiyoyin ajiyar bayanai, aka sako wa talaka a ɗan akwati. Da hunturun bara, ina wajen wani biki, na duba na ga zafinta ya ɗaga fiye da yadda na saba gani. Na kira yarona na ce ya leƙa. Ƙurar hazo ce ta toshe ramukan ƙofar gaba, ta yi kamar an shimfiɗa bargo. Ya share da burushi, kafin a gama rabon abinci na ga lambobin sun sauko. Tun daga nan duk sati biyu a lokacin hazo sai an yi wa Amarya kwalliya.

Masu suka za su ce RAM gigabayit 16 ya yi kaɗan a yau, guraben faifai biyu na ƙarshe ba su kai na farko sauri ba, kuma dole a kashe ta kafin a zare faifai. Duk gaskiya ne, kuma ko a jikina. Za su ce akwai sababbi. Na sani. Gen10 da ta fito a 2017 furosesarta a narke take, ba ta canzuwa, kuma ba ta da iLO, abin da ya sa masoya da yawa suka ƙi sakin tsohuwar. Gen10 Plus ta 2020 ta dawo da soket, kyakkyawa ce ba laifi, sai dai tukunyar wutarta a waje take kamar ta laftof, iLO ɗinta kuma sai ka sayi wani kati daban kafin ka more shi daga nesa. Ni dai ina nan inda nake.

Yanzu haka da nake wannan rubutu wani aikin take yi. Wuri ya fara cika, na sayo faifai huɗu masu terabayit 8, ina canza su ɗaya bayan ɗaya: in kashe, in zare tsoho, in sa sabo, in jira ZFS ya gama kwafe masa rabonsa, sannan in taɓa na gaba. Sai na huɗun ya kammala wurin zai buɗe ya ninka. Yau ina kan na uku. Gurbin kati guda ɗaya da take da shi har yanzu babu komai a ciki, ina ta saƙa da warwara ko katin sadarwa mai gigabit 10 zan sa. Uwargida ta leƙo tun ɗazu ta ce tuwo zai huce, na ce mata ga ni nan, saura kaɗan ya kai rabi.