"Haƙora Ne": Nazari Kan Maganin Yara a Gidan Bahaushe

Kafin jariri ya wuce kwana bakwai a duniya, a yawancin gidajenmu hannu uku sun riga sun taɓa lafiyarsa. Ungozoma ta yanke cibiya, kaka ta jiƙa dauri, wanzami kuma ya iso da zabirarsa don aski da cire beli. Daga nan har zuwa yaye, duk abin da ya sami yaron, tsofaffin gida ne ke fara ba shi suna, su kuma faɗi maganinsa. Wannan ilimi ne da ake gadonsa daga baki zuwa baki. Masana sun daɗe suna bibiyarsa: Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi rubuce-rubuce da dama kan magungunan Hausawa, wani Ba'amurke mai suna Lewis Wall kuma ya fitar da littafi sukutum a kansu a 1988, bayan ya zauna a yankin Malumfashi.

Abin da na lura da shi shi ne, wannan al'ada ta fi ƙarfi a cikin tukunya. Bahaushe bai cika raba abinci da magani ba. Kunun gyaɗa da ake dama wa yaron da ake shirin yayewa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka, tsamiya ga wanda cikinsa ya ɗaure, man kaɗanya ga fatar da hunturu ya farfasa, duk waɗannan likita ba zai ja da su ba. Ganyen zogale na ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, garin 'ya'yan kuka kuma cike yake da bitamin C. Har zuma da lemon tsami da ake bai wa mai tari, asibiti ta yarda da su, da sharaɗi guda: kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Zuma kan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, idan ta kama shi kuwa sai jikinsa ya saki, numfashi ya yi masa wuya. Mai son yin tahniki, wato goga wa jariri abu mai zaƙi a ganɗa, yana da dabino maimakon zuma.

Inda al'adar ke tuntuɓe shi ne wurin raɗa wa ciwo suna. Yaro ɗan wata bakwai ya fara gudawa da zazzaɓi, sai a ce wa uwar, "Kwantar da hankalinki, haƙora ne." Na sha jin wannan magana, har daga bakin goggona, mace mai hankali da ta reni 'ya'ya da jikoki. Tsofaffi ba ƙarya suka yi ba game da abin da idonsu ya gani: lallai gudawa kan zo daidai lokacin fitar haƙori. Sai dai a daidai wannan lokacin ne yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana fara ba shi kunu da ruwan randa, garkuwar jikin da ya zo da ita daga cikin uwarsa kuma tana raguwa. Haƙori da gudawa abokan tafiya ne kawai, ɗaya bai haifi ɗaya ba. Illar sunan ita ce yana sa a jira. Wa zai ɗauki yaro zuwa asibiti saboda abin da kowane yaro ke yi?

Ana cikin jiran ne maɗiga ke faɗawa. Idan tsakiyar kan jariri ta loɓa, al'ada ta ɗauke shi wani ciwo na daban, a kwaɓa magani a shafa a wurin. Alhali loɓawar nan saƙo ce cewa ruwan jikin yaron ya ƙare. Maganinta ta baki yake shiga: nono a kai a kai, da ruwan gishiri da sukari. Wanda ake sayarwa a ƙunshe a kemis ya fi, amma idan dare ya yi babu shi, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ma'aikatan lafiya kan ƙara da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Wannan ma maganin gida ne, kayansa na cikin kowane madafi. Bambancinsa da dauri shi ne yana da awo.

Rashin awo kuwa shi ne rauni na biyu. Tambayi mai ganye nawa za a ba jariri, za ta ce "ɗan kaɗan" ko "a ɗiɗɗiga masa". Sassaƙen da aka ɓamɓaro da rani da wanda aka ɓamɓaro da damina ba ƙarfinsu ɗaya ba, hantar jariri kuma ba ta gama ƙwari ba. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya kan nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Dakashi ma, wato nonon farko mai kauri da wasu ke tatsewa su zubar don wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri.

Kada wani ya ɗauka cewa duk abin da ya fito daga kwalba tsira ne. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙora na kemis mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda. Iyayen nan ba sassaƙe suka jiƙa ba, kuɗi suka kashe. Amma imanin da ya kai su kemis shi ne dai wanda ke kai wasu wurin mai ganye: cewa fitar haƙori ciwo ne da sai an sha masa magani.

Akwai kuma abubuwan da muke yi don ado ko kariya, ba mu ma lissafa su cikin magani. Kwalli na ciki. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka gano dalma a jinin wani jariri, aka bi diddigi aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga Nijeriya. Da aka auna, sama da kashi 80 cikin 100 na garin dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu ta dalilin dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba ma buƙatar dogon bayani. Cire beli shi ma haka: tsokar nan halitta ce, ba ta hana shan nono, aska ɗaya da ta zaga gidaje biyar kuwa tana iya yaɗa ciwon hanta da sarƙe-haƙora. Cibiya da ake gasawa da tsumma ko a shafa mata toka, yanzu akwai man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti dominta.

Lafiyar jariri tana rataye da ta mai jego, nan ma akwai abin dubawa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun yi nazarin yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa. Suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi har kwana 40, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Hutun arba'in ɗin kansa, da naman da ake ciyar da mai jego, da ɗauke mata aikin gida, gata ne da matan ƙasashe da yawa ba su samu ba. Zafin ruwan da yawan kanwar ne ke buƙatar ragi.

Ina ganin kuskuren da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna yi shi ne yi wa matashiyar uwa wa'azi ita kaɗai a ɗakin awo, alhali idan ta koma gida ba ita ke yanke hukunci ba. Amarya mai ɗan fari, ga kunya, ga kara, ba za ta iya ce wa surukarta "Hajiya, malamar asibiti ta hana dauri" ba. Don haka roƙona ga kakanni ne da iyaye maza. Idan jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi zazzaɓi, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko idonsa ya zurma, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki in yana numfashi, ku da kanku ku ce a ɗauko mayafi a tafi asibiti, a ranar, kafin a tsaya tambayar ko haƙora ne.